Malam Attahiru, Wanda Ya Nemo Tsohuwar Tungar Riskuwa

Kafin rana ta yi ƙarfi a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi, Malam Attahiru ya riga ya sha kununsa, ya ɗaure jaka a bayan tsohon mashin ɗinsa, ya kama hanyar ofishin safiyo. Ɗakinsa ne na can ƙarshen baranda, ɗakin da babu mai son a ba shi, saboda nan aka jibge tsofaffin taswirori tun na zamanin Turawa. Wasu a nannaɗe suke, wasu gara ta ci gefensu, wasu kuma in ka taɓa su da ƙarfi sai su karye kamar busasshen ɓawon albasa. In ya shiga, hannu yake fara wankewa, ya jira su bushe. Sannan ya ɗauko taswira ɗaya, ya warware ta a hankali, ya danne kusurwoyinta da 'yan duwatsu masu santsi da ya tsinto a bakin gulbi, ya ɗauki hotonta da na'ura ya sa a kwamfuta.

Daga nan ne ainihin aikin yake farawa. Akwai hoton ƙasar nan tamu da tauraron ɗan'adam yake ɗauka daga sama, wanda ake ganin kowane gida da kowace gona a ciki. Sai Malam ya shimfiɗa tsohuwar taswirar a kan wannan hoton, kamar an yafa siririn mayafi a kan tabarma, kana ganin mayafin kana kuma ganin saƙar da ke ƙarƙashinsa. Amma kafin su hau juna daidai, dole ya nemi wuraren da suke cikin duka biyun ya kafe su, yadda majemi yake kafe fata da turaku in zai shanya ta. In turakun sun zauna daidai, sai ka ga inda gulbi yake bi a da da inda yake bi yanzu, ka ga gari a inda yau shinkafa ce kawai. Ran Asabar kuwa, da sauran ma'aikata ke hutawa, shi yana kan hanyar Argungu da kwamfutarsa a jaka, yana neman tsofaffi su gaya masa abin da takarda ta yi shiru a kai.

Ƙarshen watan nan Malam Attahiru zai ajiye aiki ya koma garinsu Gulma. Ban ji ana shirya masa wani taro ba, shi ma ba zai tambaya ba. Shi ya sa mu mutanen Tungar Riskuwa muka ce kada ya tafi shiru.

Masu shaidar aikinsa suna da yawa. Malama Nazifa, wadda ke koyarwa a wata firamare a Gesse, ta ce ranar da ya kai kwamfutarsa ajinsu ya nuna wa yara yadda unguwarsu take kafin a yi gidajen, har aka tashi tara babu yaron da ya fita. Wata yarinya ta ga ɗakin uwarta zaune a kan tsohuwar hanyar shanu, ta yini tana gaya wa kowa. A wani ƙauye kusa da Gulma ya nuna musu inda tsohuwar rijiyar kakanninsu take, suka tona suka tarar da bakinta na dutse yana nan. Ya ƙi ko cin kazar da suka yanka masa shi kaɗai, sai da aka kira masu tonon.

Sai dai wanda ya fi kowa sanin aikin Malam Attahiru shi ne mutumin da ya fi kowa jin haushinsa, wato Kawu Sunusi.

Kawu Sunusi masunci ne, ɗan Baba Hodi, tsohon da ya fi kowa shekaru a tungarmu. Ɗan fari ne, kuma an san yadda uba yake da ɗan fari a wurinmu: ba ya kiran sunansa, ba ya zama hira da shi, in magana ta kama sai ya ce “kai”, ko ya aiki wani ya gaya masa. Ƙannensa duk sun watse, wannan yana Birnin Kebbi, wancan yana Yawuri. In sun zo da salla, Baba Hodi ya kira su da sunayensu, a yi ta dariya har la'asar. Kawu ne ya zauna. Shi ke yanke wa tsohon farce, shi ke fitar da shi rana da safe ya mayar da shi inuwa, shi ke cire masa ƙayar kifi tun da idonsa ya yi yana. Bai taɓa ƙorafi ba, don a ganinsa haka Allah ya yi tsohon, mai nauyin baki.

Ranar da Malam Attahiru ya fara zuwa, Kawu yana zaune gefen zana yana ɗinkin taru. Shi ya shimfiɗa wa baƙon tabarma, shi ya kawo masa ruwa.

Malam ya gaishe da tsohon, ya ce, “Baba, an ce mani nan na gidan wanda yas san gulbi tun bai sake hanya ba.”

Baba Hodi ya ce, “Wa yac ce maka ya taɓa zama wuri guda?”

Malam ya yi dariya, ya buɗe kwamfuta. Tsohon ba ya ganin abin da ke fuskarta sai haske, don haka Malam ya fara karanta masa sunayen tafkuna da mashigai da wani Bature ya rubuta tun kafin a haifi shi kansa Baba Hodi. Ya karanta na farko, tsohon ya gyara zama. Ya karanta na biyu, sai baki ya buɗe. A wancan tafkin ne aka kama giwan ruwan da sai da jaki ya ɗauke shi. A wancan mashigin ne dorina ta kife jirgin wane. Wancan kuma ya ƙafe shekarar da fari suka cinye gero. Kawu yana ɗinki yana ji. Shekara hamsin da wani abu yana gida ɗaya da mutumin nan, bai taɓa jin ya jera magana haka ba.

Da Malam ya tashi tafiya, Baba Hodi ya riƙe hannunsa ya ce, “Ɗana, yaushe zaka dawo?”

Kawu ya duba tarunsa, ya ga ya ɗaure ido uku wuri ɗaya. Ya warware, ya sake.

Tun daga nan Asabar ta zama wata ƙaramar salla a gidan. Ran Juma'a da yamma tsohon zai ce a wanke masa farar rigarsa. Zai sa a ware kifin banda mafi kyau a ajiye wa “ɗana”. Kawu ne ya kamo kifin, matarsa Kulsumi ce ta banda shi, kuma Kawu ne zai naɗe shi a takarda ya ɗaure a bayan mashin ɗin baƙo. In ya ji ƙarar mashin daga nesa, sai ya ji kamar an zuba masa yashi a tuwo. Ya gwada neman aibun mutumin. Ya ce takalminsa na 'yan birni ne, sai ya ga ya tuɓe shi ya shiga laka har gwiwa. Ya ce wataƙila filaye gwamnati ke nema, aka yi wata da watanni babu wanda ya taɓa gonar kowa. Ya ce ai labarin zai kwashe ya kai wani wuri a yaba masa, sai ga Malam ya dawo da takarda babba ya karanta wa tsohon duk abin da ya faɗa, da sunan tsohon a kai. Rashin samun aibun ma ya ƙara masa haushi.

Wata Asabar Kulsumi ta same shi bayan ɗaki yana ta goge ƙugiyoyin da ba su yi tsatsa ba. Ta ce, “Baban Ummu, mi ad damuwa? Hura ta yi sanyi ba ka sha ba.”

Ya ce, “Ba komi.”

“Ba komi, amma ka ba baƙo tabarmar da akuya tac ci gehe.”

“Ita ta kusa da hannuna.”

Ta ce, “Ikon Allah. Mutum da jikoki shina kishin uba.” Ta wuce tana dariya ƙasa-ƙasa, shi kuwa bai ga abin dariya ba.

A bakin zanan nan, yana ɗinkin taru, Kawu ya fara jin sunan kakarsa. Baiwa sunanta. Ta rasu Baba Hodi yana ƙaramin yaro, aka binne ta gindin wata tsamiya a gabas da tunga. Ba wannan tungar da muke ciki ba, ta farko, wadda Riskuwa kakan Baba Hodi ya kafa. Damina mai zuwa ruwa ya ci gidajen, mutane suka kwashe jiragensu suka yi gaba, suka sake kafa tunga suka kira ta Tungar Riskuwa, aka sake tashi aka sake kafawa, har aka iso nan. Gulbi kuma ya bar waccan hanyar, manoma suka shiga wurin, babu wanda ya ƙara komawa.

Da tsohon ya gama ba Malam wannan labarin, sai ya ce, “Ɗana, abinga naka shina iya kai ni wurin Inna? In yi mata addu'a bisa kanta sau guda kahin in bi ta.”

Kawu ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Jirgi nasa ne, ƙafafu nasa ne, fadamar nan kuwa babu lungun da bai shiga ba. Da tsohon ya ce masa “kai, kai ni”, da ya yi ta yawo da shi har su samu. Amma baƙo aka roƙa, baƙo mai akwatin haske.

Malam ya ce, “Sai mu gwada, Baba. Tungarku tana cikin taswirar Bature.”

Bazara ce lokacin, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Kowa ya san da ruwa ya sauka gulbi ya cika, fadama ta rufe ke nan sai baɗi, kuma wanda duk ya kalli Baba Hodi ba zai yi masa alkawarin baɗi ba. Malam ya koma Birnin Kebbi ya duƙufa. Ya kafe tsohuwar taswira a kan sabon hoto da wasu tungaye da ya ga sunayensu a duka biyun, Tungar Munzali da Tungar Kulu da wata can arewa. Ya fitar da wuri ɗaya, ya sa shi a 'yar na'urarsa mai kama da waya, wadda ke nuna kibiya tana kai mutum inda aka sa mata.

Suka ɗauki tsohon a jirgi, Kawu yana tuƙi. Inda ruwa ya ƙare suka ɗora shi a amalanke. Kibiya ta kai su wani tudun yashi mai ƙaya, nesa da kowace alamar ruwa. Suka saukar da shi. Baba Hodi ya zauna, ya damƙi ƙasar ya murza, ya shaƙi iskar wurin. Ya ce, “Ba nan na ba, ɗana. Masunci bai taɓa kwana nan ba.”

Gaskiya ita ce Kawu Sunusi ya ji daɗi. Ya juya baya yana gyara igiyar amalanke don kada a ga fuskarsa. A ransa ya ce to, ga ɗan naka, ga akwatinsa.

Suka kama hanyar dawowa. Da suka zo daidai Tungar Munzali, tsohon ya ji muryoyin mata masu wanki, ya tambayi ina ne nan, aka gaya masa. Ya ce, “Waɗanga ma can hayi suke da, kusa da mu. Bayan mun tashi sunka taso.”

Malam Attahiru ya ɗago kai. “Baba, su ma da sunansu sunka taho?”

“To da su bar ma wa shi? Kwaɗi?”

“Tungar Kulu hwa?”

“Ita kam ta tashi ya hi a ƙirga.”

Malam ya dafe kai, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, “Laihina na, Baba. Mu manoma garinmu ba shi tashi, inda kakana yag gina nan nika kwana in na je Gulma. Na manta ku masunta kuna tahiya da gari cikin jirgi. Na kahe turakuna bisa abin da ka tahiya. Ka yahe mani wahalar da nib ba ka.”

Kai ne, Malam, ka faɗi wannan a gaban tsoho da ɗansa da mai amalanke, ba ka ɗora wa Bature ba, ba ka ɗora wa na'ura ba. Mun ga ma'aikata da yawa sun zo tungar nan da takardu. Kai ne na farko da muka ji ya ce laifinsa ne.

Daɗin da Kawu ya ji bai kai gida ba. Tsohon ya ƙi cin tuwo, washegari ya ƙi fita rana. Kawu ya cire masa ƙayar kifi ya ajiye a gabansa, ya dawo ya tarar ƙuda ne ke kai. Ya zauna a bakin ƙofa yana kallon hadari, yana jin haushin Malam da ya kasa, yana kuma jin haushin cewa in an dace gobe, Malam ɗin ne dai zai dace.

Malam bai jira Asabar ba. Ya ɗauki hutu ya dawo tsakiyar mako, ya ce yanzu abin da ba ya tafiya zai nema: kusurwar tsohuwar ganuwa, wani dutse da ke tsakiyar fadama, wata kuka da Bature ya zana wadda har yau tana tsaye. Dole ya je ya tsaya a kan kowanne da na'urarsa, kuma wasu sai da jirgi. Ya roƙi Kawu. Kawu ya ce jirginsa yana yoyo. Kulsumi daga cikin gida ta ce, “Wanne? Wanda kal liƙe jiya?” Sai ya ɗauki sandar tuƙi.

Suka yi nisa cikin fadama. Can Kawu ya ce, “Malam, kai ba ka da uba na a Gulma?”

Malam ya ce, “Ya rasu tun ina makaranta.”

Kawu ya ji kunya ta rufe shi. “Allah shi jiƙan shi.”

“Amin. Ni ma ɗan hwari na, Malam Sunusi. Har yam mutu ban ji sunana ga bakinai ba.” Ya juyo ya dubi Kawu. “In hwaɗa maka abin da nil lura? Tsohonga ba ni shika ba labari ba.”

“To wa? Kajin gida?”

“In kana zaune kana ɗinki, magana kamar an ɓalle madatsa. Da ka tashi zuwa gulbi, sai shi ce maƙogwaro ya bushe, ko shi tambaye ni kuɗin man mashin. Ka dawo, shi ɗauko daga inda yat tsaya. Ni dai kunne na aro.”

Kawu ya kafa sanda ya tura jirgi da ƙarfin da ba a buƙata. Ya ce, “Ka san taswira, Malam, amma ba ka san Baba ba.”

“Gwada ka gani.”

Bai yi niyyar gwadawa ba. Amma da Malam ya zo ya zauna da tsohon yana lallashinsa, har ya samu ya fara ba da labarin yadda Riskuwa ya sassaƙa jirginsa na farko, sai Kawu ya ajiye taru ya ce, “Na tahi duba ƙugiya.” Ya fita, ya zagaya, ya tsaya bayan zana inda ake ɗaure akuya.

Labarin ya tsaya cak a daidai itacen da za a sassaƙa jirgin da shi. Ya ji tsohon ya yi tari, ya ce, “Ɗana, kashe abinga tukuna. Ka sha ruwa.” Kaza ta wuce, akuya ta ja rigar Kawu. Can tsohon ya ce, “Ƙugiyar nan tana da nisa?”

Kawu ya zagayo, ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, ya zauna ya ɗauki taru. Baba Hodi bai juyo ba. Ya ce, “To, ɗana, da sunka kada itacen nan...”

Ranar Kawu bai ɗinka ido ko ɗaya ba. Yana riƙe da allura, yana ji. Wani abu ya kwance a ƙirjinsa, amma kishin bai tafi ba, wuri kawai ya sake. Ya riƙa tunanin yadda baƙo ya zo cikin 'yan watanni ya ga abin da shi bai gani ba tun yana yaro.

Sabon wurin da Malam ya fitar yana can cikin fadama, gefen wata tsohuwar hanyar ruwa da ta zama gonakin shinkafa. Sun tashi da sassafe, an yi yayyafi a daren jiya, ƙasa tana ƙamshi. Inda amalanke ya kasa wucewa saboda kwalbatin manoma da laka, Malam ya zauna a kan kunyar gona, ya fara murza gwiwa.

Ya ce, “Gwiwata ta ƙi yau. Malam Sunusi, riƙe. Kibiyar nan kaka bi, in ta daina nuna gaba kun iso.”

Kawu ya dubi gwiwar. Gwiwar nan ce ta hau dutse a gabansa shekaranjiya kamar ta ɗan akuya. Ya karɓi na'urar, ya durƙusa, mai amalanke ya ɗora masa tsohon a baya. Bai taɓa goya shi ba sai ranar, ya kuma yi mamakin rashin nauyinsa.

Suka bi kunya-kunya, kibiya tana gaba. Ta kai su gonar wani manomi da ke gyaran kwamin shinkafarsa, sunansa Sama'ila. A tsakiyar gonar akwai ɗan tudu da ciyawa ta rufe, an noma ko'ina an bar shi. Kawu ya yi sallama ya tambaye shi dalili.

Sama'ila ya ce, “Babana yac ce kada garma ta hau nan, akwai mutane kwance. Ban san ko su wa na ba. Da akwai tsamiya, ga kututturenta can.”

Kawu ya ji hannuwan tsohon sun matse masa wuya.

Ya saukar da shi a gindin kututturen. Baba Hodi ya shafa shi, ya shafa ƙasar, yatsunsa suka ci karo da tsingaro da wani ɗan dunƙulen gasasshen yumɓu mai huda, irin wanda masuntan da suke ɗaura wa taru don ya nutse. Ya riƙe shi a tafin hannu. Ya yi sallama ga mutanen wurin, ya daɗe yana addu'a, Kawu yana cewa amin. Sama'ila ya ja da baya ya koma aikinsa. Babu baƙo, babu ƙani, babu wanda za a aika da magana. Su biyu ne kawai.

Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce da ƙasar, “Inna, na zo. Na daɗe. Wanga da kika ji kusa da ni shi na na hwari. Shi yaɗ ɗauko ni ga bayanai. Shi ka ci da ni, shi ka wanke ni. Ban taɓa kwana da yunwa ba.” Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya miƙa dunƙulen yumɓun gefe ya ce, “Kai, riƙe wanga. Ka riƙe wurin nan kuma.”

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Ya tsaya yana kallon shinkafar Sama'ila har idonsa ya washe.

Ya sake goya shi suka juyo. Tun ba su kai ga kunyar ba tsohon ya ɗaga murya a daidai kunnensa: “Ina ɗana? A hwaɗa mai mun gani.” Kawu ya ce a duk tsawon tafiyar nan ne kaɗai ya ji tsohon ya yi masa nauyi.

Kwana kaɗan bayan haka ruwa ya sauka, fadama ta rufe.

Malam Attahiru, na Gulma, mai tada kufai. Kai ne ka zauna a ɗakin da kowa ya guje wa, ka ceci takardun da gara ta fara ci. Kai ne ka ba da Asabar ɗinka ga tsofaffin da 'ya'yansu ke tambayarsu ko sun ci abinci, ba sa tambayarsu abin da suka gani a duniya. Kai ne ka yi aikin nan duka, da ranar gani ta zo ka zauna a kan kunya kana murza gwiwar da ba ta ciwo. Wanda ya yi wahala yana son ya ga ƙarshenta da idonsa, kai kuwa sai daga baya ka je, kai kaɗai, ka tsaya ka sa wurin a taswira. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifinka, ya sa hutun nan ya zama mai albarka. Mutanen Gulma kuma su sani aro muka ba su, muna kuma jin haushinsu tun yanzu.

Ga ma'aikatan da za su gaji ɗakin nan na ƙarshen baranda, don Allah ku wanke hannu kafin ku taɓa takardun, ku kuma fito ku shiga laka. Ga sauranmu, wayar da ke aljihunmu tana ɗaukar murya, tana kuma nuna wuri. Akwai tsoho a kusan kowane gida a bakin gulbin nan. A zauna kusa da shi. In ba zai iya gaya maka kai tsaye ba, ka nemo masa wanda zai gaya wa kana ji.

Zuwansa na ƙarshe, Malam ya kawo babbar taswira da ya buga, tsohuwar hanyar gulbi da sabuwa a kan juna, da duk inda Tungar Riskuwa ta taɓa zama. An manna ta a bangon ɗakin Baba Hodi, ƙasa-ƙasa inda hannunsa ke kaiwa. Yanzu da hantsi tsohon yakan ɗora yatsa a kanta ya ce, “To, ɗana,” ya kama labari. Takardar yake wa hira. Kawu Sunusi yana bakin ƙofa da tarunsa, wani lokaci yana hararar takardar, amma ba ya tashi, ko da ƙugiya ta kwana a ruwa.

Da na gaya masa zan rubuta wannan, na tambaye shi ko yana da saƙo ga Malam. Ya daɗe yana juya dunƙulen yumɓun nan, wanda ya ɗaura wa igiya yake ratayawa a jirginsa. Ya ce, “Ka hwaɗa mai na gode. Ka hwaɗa mai kihinai na banda shina nan duk Asabar, ko ya zo ko bai zo ba, kuma na sayi sabuwar tabarma.” Na miƙe zan tafi, ya kira ni. “Ka ƙara mai da cewa ɗan Baba Hodi na hwari guda na.”